Sharhi a kan Tseren Saluki a Ƙasar Ƙatar

A cikin Doha, babban birnin ƙasar Ƙatar, akwai wata unguwa mai suna biyu. Mutanen gari sun fi kiranta Muntaza, watau wurin shan iska. A takardun hukuma kuwa sunanta Raudatul Haili, watau fadamar dawaki. A bakin Larabawan wannan yanki, rauda ita ce kwari inda ruwan sama ya kan taru, ciyawa ta tsiro, dabbobi su sami kiwo. Yau ba mai kiwon dawaki a titunan Muntaza. Benaye ne da kantuna da ofisoshi, sai wani babban lambun shan iska da aka gyara aka sake buɗewa a 2022. Yaron da aka haifa a irin wannan unguwa, in yana son ya ga karen farautar kakanninsa yana gudu, sai ya jira watan Janairu, ya shiga mota ya bi hanyar kudu, ya wuce garin Mesa'id, har ya isa wani faƙo mai gishiri da a ke kira Sabkhat Marmi, kusa da bakin teku.

A can ne ƙungiyar Al Gannas, watau ƙungiyar mafarautan Ƙatar, wadda aka kafa a 2008, ta ke yin bikinta na shekara shekara tun 2010. Yawancin wasannin bikin na shaho ne, amma ana ware wa karnuka nasu lokacin, a yi tseren saluki. Masu bikin suna cewa nufinsu shi ne riƙon gadon iyaye da kakanni. Wannan magana ce ta kamata a auna. Shin tseren nan yana riƙe da karen farauta yadda aka gaje shi, ko kuwa yana ƙera wani kare dabam wanda ke amsa sunan na farko?

Wane irin kare ne saluki?

Karnukan farauta iri biyu ne. Akwai masu bin sawu da hanci, akwai masu bin nama da ido. Saluki yana cikin na biyun. In ya hango abu ya motsa, sai ya bi shi da gudu har ya kama. In abin ya ɓace masa, yawanci farauta ta ƙare ke nan. Tsayinsa a kafaɗa inci 23 zuwa 28 ne. Yana da siririn kai, da dogon wuya, da ƙirji mai zurfi, da dogayen ƙafafu, ciki kuwa a ɗame. Wani gashinsa kwance ya ke ko ina, wani kuma yana da geza a kunnuwa da wutsiya. Baƙon da ya fara ganinsa ya kan ce ba a ba shi abinci, gama ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Alhali kuwa ramar nan ita ce lafiyarsa. Littafin Guinness na 1996 ya rubuta cewa an auna gudun wani saluki ya haura mil 42 a sa'a guda. Karen tseren Ingila ya fi shi sauri a gajeren zango, amma in tafiya ta yi nisa saluki ne ke gaba.

Malaman Larabawa na da sun yi saɓani a kan asalin sunan. Waɗansu sun ce daga Saluƙ ne, wani tsohon gari na Yaman. Waɗansu sun ce daga Saluƙiyya ne, birnin da ya ci sunan ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar. Ko wanne ne gaskiya, karen ya daɗe a hannun Larabawa. An zana irinsa yana bin nama a bangon Ƙusairu Amra, wani gidan sarauta na ƙarni na 8 a hamadar Jodan. Abu Nuwas, mawaƙin Bagadaza, ya yi waƙoƙin farauta da dama yana yabon karnuka. Jahiz, wanda ya rasu wajen 868, ya cika shafuka masu yawa na Kitabul Hayawan da zancen kare da halayensa.

Larabawan hamada ba su haɗa saluki da sauran karnuka. Su kan bar shi ya kwana cikin tanti, su ba shi dabino da madara daga abin da su ke ci, su sa masa lalle a ƙafa don tafinsa ya yi tauri. A al'adar da, ba a cinikinsa, sai dai a ba da shi kyauta ga wanda a ke girmamawa. Dalilin wannan gata a fili ya ke: shi ne ke kawo nama tukunya. Tun yana kwikwiyo a kan fara masa da ɓeran hamada mai tsalle, sa'an nan zomo, sa'an nan barewa. Sau da yawa a kan haɗa shi da shaho, shaho ya riƙa dukan barewa a fuska yana rikita ta, har karnuka su cim mata.

Ma'aunin mutanen da

Kafin a yanke wa tseren hukunci, sai a san ma'aunin da aka auna karen da shi a da. Ma'aunin nan kuwa a rubuce ya ke cikin littattafan shari'a, waɗanda almajiran ƙasar Hausa ma su ke karantawa. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kama, in an ambaci sunan Allah. Hadisin Adiyyu ɗan Hatimu, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, ya ƙara bayani. Daga nan malamai suka fitar da alamun horo: in an tura kare ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Yawancin mazhabobi, har da ta Hambaliyya wadda Ƙatar ke bi, sun ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kama, domin in ya ci, kansa ya kama wa. Malikiyya, mazhabar ƙasar Hausa, ba ta sa wannan sharaɗi na ƙarshe ba.

Abin lura a nan shi ne, malaman nan ba su tambayi uban kare ko kakansa ba, ba su kuma tambayi saurinsa ba. Horonsa suka tambaya. Mafarauci kuwa, wanda cikinsa ya dogara ga karen, abu biyar ya ke dubawa. Na fari ido, watau ya hango nama daga nesa, ya riƙe shi da ido. Na biyu gudu. Na uku dogon numfashi. Na huɗu juyi, gama zomo ba ya gudu a miƙe. In ya ji kare ya matso sai ya karkace nan take, kare mara dabara ya wuce da ƙarfinsa ya faɗi. Na biyar ladabi, watau ya kama ya riƙe wa ubangidansa, in an kira shi ya komo. Hausawa sun ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gaskiya ne, amma ko wane mafaraucin Katsina ko Maraɗi ya san gudu kaɗai bai taɓa kama zomo ba.

Yadda aikin ya ƙare

Ba kare ne ya ƙarar da barewar Larabawa ba. Shekaru dubbai ana farauta da kare da shaho, nama bai ƙare ba, don kare ya kan gaji, raƙumi ma ya kan gaji, barewa mai ƙarfi ta kan tsira. Mota da bindiga mai aman harsashi da yawa su ne suka sake lissafin. Ƙatar ta fara fitar da man fetur a 1949, maƙwabtanta ma a wajen wannan zamani, kuɗi suka shigo, motoci suka cika hamada. Mota ba ta gajiya. Cikin shekaru kaɗan barewa ta yi wuyar gani, maririn Larabawa kuwa a 1972 aka kashe na ƙarshe da ke yawo a daji, a ƙasar Oman. Da ba don garkunan da waɗansu suka killace ba, ciki har da na Shaihu Ƙasim ɗan Hamad Al Sani a Ƙatar, da irin ya ɓace.

Su mutanen ma suka bar tanti suka koma gari. Nama ya koma abin saye a kanti. Ƙasar kuwa ƙarama ce, ba ta kai murabba'in kilomita 12,000 ba, hukuma ta kafa dokar farauta a 2002, ta keɓe wurare da dama inda ba a taɓa dabba. To, kare mai aikin kama barewa, ga shi ba barewar kamawa. Shaho ya fi shi sa'a. Yana da kasuwarsa da asibitinsa a Suƙ Waƙif cikin Doha, a 2010 kuma hukumar UNESCO ta sa farauta da shaho cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, Ƙatar tana cikin ƙasashen da suka nemi haka. Saluki bai sami irin wannan ɗaukaka ba. Tsere ne ya zo ya ba shi sabon aiki.

Yadda a ke tseren

Tseren saluki a ƙasashen Tekun Fasha kusan fasalinsa ɗaya ne ko ina. A kan share hanya miƙaƙƙiya a kan faƙo. Ta Marmi kilomita 2 ce, watau mil ɗaya da rubu'i. A rataya barewa mara rai a jikin sandar da ke maƙale da mota. A jera karnuka, ko wanne da mai riƙonsa. Mota ta tashi, a sake su. Masu karnuka kuma su bi ta gefe cikin nasu motocin, suna busa ƙaho, suna kiran sunayen karnukansu. Wanda ya fara ƙetare layi shi ya ci. Wanda ya taɓa ganin tseren raƙuma a Shahaniyya, inda tun 2005 'yan na'urori ke hawa maimakon yara, masu raƙuma kuma suna bi a mota, zai gane inda aka samo fasalin.

Ya kamata a faɗi alherin wannan wasa tukuna, gama yana da shi. Na ɗaya, ya ba saluki daraja a idon samarin da ba su taɓa kwana a tanti ba. Dabbar da ba ta da daraja ba mai kiwonta. Na biyu, ya sa ana kula da lafiyar karnuka: allura, da likita, da abinci mai kyau, da motsa jiki kullum. Na uku, zangon da aka zaɓa ya dace da halittar karen. Kilomita 2 ya ninka zangon tseren karnuka na Ingila wajen sau huɗu, sabo da haka dogon numfashi yana da amfani a nan. Na huɗu, ba a kashe naman daji, ga shi kuwa ya yi ƙaranci. Na biyar, hukuncinsa ba gardama, kowa ya ga wanda ya riga. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Inda tseren ya gaza

Amma in aka ɗauko ma'aunin nan na abu biyar, sai a ga tseren biyu kaɗai ya ke aunawa, gudu da numfashi. Ido ba shi da aiki, domin abin bin yana gaban hanci, a wuri ɗaya, ga mota ga ƙura. Juyi ba shi da aiki, domin mota ba ta karkacewa kamar zomo. Ladabi ma ba shi da aiki, domin ba abin kamawa a riƙe, ba kuwa mai ba da maki ga karen da aka kira ya komo. Abin da malaman shari'a suka ɗauka shi ne ainihin karen farauta, watau horo, shi ne abin da alƙalin tsere ba ya dubawa ko kaɗan.

Wani zai ce, ina ruwan kare da abin da alƙali ke dubawa, ai halinsa yana cikin jininsa? Amsa ita ce, jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai kiwo ya kan kai karyarsa barbara wurin karen da ya ci kyauta. 'Ya'yan da suka yi sauri a riƙe su, sauran a rabu da su. In aka yi haka sau goma a jere, abin da a ke aunawa zai ƙaru, abin da ba a aunawa kuwa ba mai sanin ko yana nan ko ya tafi. Misalin Ingila ya isa ishara. Can ma da zomo mai rai a ke gwada karnuka a fili, alƙali a kan doki yana ba da maki ga wanda ya tilasta wa zomo juyawa. Da aka kawo zomon inji, aka buɗe filin Belle Vue a Manchester a 1926, sai kiwo ya karkata ga kare mai tashi kamar kibiya a zagayen da bai kai rabin mil ba. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, watau ko wane zamani da irin gwanayensa. To, in zomon bana mota ce, karen bana zai zama maganin mota.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauri. Tun da karen tseren Ingila ya fi saluki tashi, mai son kyauta ya kan jarabtu ya haɗa su barbara, ya sami ruwa biyu mai kamar saluki da saurin Bature. Sanannen abu ne ana yin haka a yankin, shi ya sa masu shirya tsere su ke shan wahalar tantance na asali da haɗaɗɗe. Laifin ba na kwaɗayin mutum ɗaya ba ne. Ko ina aka ce sauri kaɗai ke kawo kuɗi, wani zai nemi sauri ta ko wace ƙofa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Mafaraucin da kare ɗaya ko biyu ya ke riƙewa, ya san halin ko wanne, su tsufa a hannunsa. Mai neman zakaran tsere kuwa sai ya tara da yawa kafin ya sami ɗaya. Ina sauran su ke zuwa? Ƙungiyoyin taimakon dabbobi na Ƙatar sun daɗe suna tsintar saluki da ruwa biyunsa yasassu a bayan gari, waɗansu da karaya, suna yi musu magani, suna tura su Turai da Amurka da Kanada wurin masu so. Ba duka ne suka fito daga gidajen tsere ba, amma dabbar da kakanni suka ƙi sayarwa don girmanta, in aka wayi gari ana tsintarta a juji, ba a ce gado ya tsira ba tukuna.

Alƙali na biyu: ido da takarda

Agogo ba shi kaɗai ne sabon alƙali ba. Akwai gasar kyau, irin wadda a ke yi wa saluki a baje kolin farauta na Abu Dabi, inda tun 2001 a ke da cibiya ta musamman mai rubuta asalin karnuka. Wannan hanya daga Turai ta fito. A 1895 Florence Amherst ta kai saluki biyu Ingila daga Masar. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya hafsoshi suka komo da waɗansu, a 1923 aka kafa ƙungiyar saluki, aka rubuta takardar siffa, watau bayanin yadda ya kamata karen ya kasance daga hanci zuwa wutsiya, aka buɗe littafin asali. Daga ran nan, a wurin Turawa, saluki shi ne wanda sunan iyayensa ke cikin littafi.

Don a ga abin da takarda ke yi wa kare, sai a dubi wani ɗan'uwan saluki wanda ke maƙwabtaka da ƙasar Hausa. Arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden da Tasara, har zuwa Menaka ta ƙasar Mali, akwai wani babban kwari busasshe da a ke kira Azawak. Hausawa sun san shanun Azawak masu yawan nono. Buzayen wurin suna da wani dogon kare siriri, suna ce masa oska. Namiji ya kan kai inci 25 zuwa 29, tsayinsa ya fi tsawon jikinsa, abin da ba a cika gani ga kare ba. Da ido ya ke farauta kamar saluki, amma ya fi shi zafin gadi. Baƙo ba ya matsar zango da dare in yana nan.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta hannun wani ma'aikacin jakadancin Yugoslabiya, da Faransawan da suka yi aiki a Sahel. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar masu kiwon kare ta duniya, FCI, mai mazauni a Beljiyam, ta karɓe shi, takardar siffarsa ita ce mai lamba 307, Faransa ce kuma aka ba riƙonta. Karnukan da aka fara kaiwa kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu jajaye masu farar ƙafa. Sai aka rubuta launinsu ya zama doka: daga launin yashi zuwa ja, fari kuwa sai a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya. Amma a zangunan Buzaye ana samun launuka da suka fi haka yawa. Watau kare zai iya zama haifaffen Azawak, uwa da uba da kakanni, yana kama zomo yana korar kura, takardar Turai ta ce bai cika ɗan Azawak ba. Ƙungiyar Amurka, wadda ta karɓe shi sosai a 2019, ta kauce wa wannan kuskure, ta ce launi ba abin dubawa ba ne.

Wani abin mamaki kuma, Faransa da ke riƙe da takardar ta hana farauta da irin waɗannan karnuka tun dokar 1844. Ingila ma ta hana bin zomo da karnuka da dokar 2004, wadda ta fara aiki a 2005. Ashe masu rubuta siffar karen farauta a can ba su da halin gwada shi a kan nama. Sun adana kamanninsa da kyau, wannan ba a musu. Sun kuma gane haɗarin ƙarancin jini, shi ya sa tun shekarun 1990 wata ƙungiya mai suna ABIS ta riƙa zuwa Sahel tana duba karnukan zango, tana kai sabon jini Turai. Amma wannan ma shaida ce cewa tushen yana zango, littafi reshe ne.

Alƙali na uku

A cikin Ƙatar ɗin kanta akwai gasar da ta fi tsere kusa da ma'aunin da. Ita ce Al Galayil, wadda a ke yi tun 2012 a keɓaɓɓen dajin Lariƙ, kudu maso yammacin ƙasar. Mafarauta su kan shiga ƙungiya ƙungiya, a kan raƙuma ko dawaki, ba mota ba bindiga, su yi kwanaki suna neman nama da shaho da saluki. Abin nema shi ne hubara, wadda 'yar'uwar tuje ce, da wani tsuntsun ƙasa mai suna karawan, da barewa. A nan dole mutum ya iya karanta sawu, dole kare ya hango da kansa, ya bi abin da ke karkacewa don tsira da ransa, ya kama, ya jira. Duk abu biyar ɗin suna aiki.

Ita ma tana da iyakarta. Daji ne keɓaɓɓe, namansa yana ƙarƙashin kulawar hukuma, sau ɗaya a ke yi a shekara, masu shiga kuwa ƙidayayyu ne. Karnukan da ke samun wannan gwaji ba su kai kaɗan daga cikin masu tsere ba. Ba kuwa za a ce a buɗe wa kowa ba, don barewar ba za ta isa ba. Duk da haka ta nuna cewa mutanen ƙasar sun san bambancin gudu da farauta, ba sai wani ya zo daga waje ya koya musu ba.

Abin da zai gyara

Ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin tanti, ko a saki karnuka a kan ragowar barewa. Gyaran da a ke bukata ƙarami ne, ana kuwa iya yinsa. Na farko, a ƙara wa bikin wasan da abin bi ke karkacewa. Amurkawa suna da irinsa, da ƙungiyarsa tun 1972: a ɗaura farar leda a doguwar igiya, inji yana ja, igiyar tana bi ta kan ƙananan gargare da aka kafa nan da can a fili, leda ta riƙa juyawa kamar zomo. Alƙalai su ba da maki ga sauri, da juyi, da numfashi, da himma, da bin abin sau da ƙafa. Leda ba zomo ba ce, kare mai wayo ya kan gane ya yanke hanya, amma ta fi layi miƙaƙƙe nesa. Na biyu, a sa kyauta mai tsoka ga horo, ga karen da aka tura ya tafi, aka kira ya komo, a gaban jama'a. Na uku, karen da ya yi suna a Al Galayil a rubuta shi, a nemi irinsa kamar yadda a ke neman na zakaran tsere. Na huɗu, duk karen da aka rubuta don tsere a san inda ya ƙare, mai shi ya ɗauki nauyinsa har tsufa.

Ga mutanen Nijar da Mali kuwa, labarin Ƙatar gargaɗi ne tun da sauran lokaci. Su ma namansu ya ragu. Farin 1973 da na 1984 sun karya garkuna sun kora makiyaya gari, motocin mafarauta sun bi barewa har inda raƙumi ba ya kaiwa, a 2000 aka bayyana cewa maririn Sahel ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mai da shi ƙasar Cadi da taimakon Abu Dabi. Amma karen Azawak yana da abin da salukin Doha ya rasa. Har yanzu yana da aiki, yana gadin zango da awaki, yana kama zomo, yana shan kunun gero da nono a hannun mutanen da suka san shi. Muddin akwai makiyayi a kwarin, da ragowar barewa a wurare irin su dajin Gadabeji na jihar Maraɗi, akwai mai auna karen da ma'aunin gaskiya. Wanda ke son karen ya tsira, rijiyar makiyayi da zaman lafiyarsa ya kamata ya fara nema, kafin littafin asali.

Hukuncin tseren Marmi ke nan a taƙaice. Wasa ne mai kyan gani, ya ceci saluki daga mantuwa, ya cancanci yabo a kan haka. Amma kashi biyu cikin biyar na karen ya ke riƙe da shi, sauran ukun kuwa, ido da juyi da ladabi, ba su da mai tsaronsu a filin. Ba a kiwon kare ran farauta, in ji Hausawa, watau abin da za a bukata gobe tun yau a ke tanadinsa. Halin da aka bari ya fita daga jinin dabba, kuɗi ba su komo da shi. Tun da ƙasar tana da dukiyar, tana da filin, tana kuma da dattawan da suka ga saluki ya kama barewa da idonsu, yanzu ne lokacin da ya kamata a sa saninsu cikin dokokin wasan.